Yadda Allunan Yumɓu Suka Sauya Karatun Attaura da Linjila

Littattafan da Yahudawa suke kira Tanak, waɗanda Kiristoci suka ɗauka a matsayin Tsohon Alkawari suka haɗa su da Sabon Alkawari, an rubuta su ne da Ibraniyanci da ɗan Aramiyanci, Sabon Alkawarin kuma da Helenanci, a tsawon ƙarnuka masu yawa, amma har zuwa tsakiyar ƙarni na 19 kusan duk abin da aka sani game da Assuriya da Babila da Kan'ana daga cikinsu yake fitowa, in ban da ɗan abin da marubutan Girka irin su Herodotus suka tsakuro. Littafin shi ne mai ba da labari, shi ne kuma shaidar kansa. Wanda ya saba da ilimin tafsiri ya san darajar asbabun nuzuli, wato sanin halin da ake ciki lokacin da magana ta zo; abin da masana Attaura suka daɗe ba su da shi kuwa shi ne muryar maƙwabtan Isra'ila, domin biranensu sun zama tuddai, rubutunsu kuma babu mai iya karanta shi.

Tambayoyin farko daga cikin nassin suka taso. Ibn Hazm na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1064, ya bi lissafin shekaru da nasabobi na Attaura yana nuna inda suka saɓa wa juna, kuma a ƙarni na 12 malamin Yahudawa Ibrahim ibn Ezra ya yi nuni a fakaice cewa wasu ayoyi sun fi kama da maganar wanda ya rayu bayan Annabi Musa. A 1670 Spinoza ya fito fili ya ce a binciki waɗannan littattafai kamar yadda ake binciken kowane tsohon rubutu, a san harshensu da marubucinsu da waɗanda aka rubuta dominsu. Jean Astruc, likitan Faransa, ya lura a 1753 cewa littafin Farawa yana sauya sunan da yake kiran Allah da shi daga wani sashe zuwa wani, kuma a kan wannan zaren ne Julius Wellhausen ya saƙa ra'ayinsa na 1878, cewa littattafan Musa biyar haɗin tushe huɗu ne na zamuna daban-daban. Duk wannan aikin cikin ɗaki ne, nassi ana auna shi da nassi.

Ƙofar waje ta buɗe ne da warware rubutun ƙusa, wato rubutun da mutanen Iraƙi na dā suke yi ta hanyar danna bakin kara a kan ɗanyen yumɓu, kowace dannawa ta bar alama mai kama da ƙusa. A kan dutsen Behistun na ƙasar Iran akwai sanarwar Sarki Dariyus na Farisa da harsuna uku, kuma Henry Rawlinson, hafsan sojan Birtaniya, ya yi ta hawa yana kwafe ta tsakanin 1835 da 1847, abin da ya taimaka wajen warware rubutun. A kusan wannan lokaci Austen Henry Layard da Hormuzd Rassam, ɗan asalin Mosul, suna tonon Nimrud da Nineba, inda suka fito da dubban allunan yumɓu na taskar littattafan Sarki Ashurbanipal. Da shakka ta yi yawa kan ko karatun gaskiya ake yi ko shaci-faɗi, sai a 1857 aka ba masana huɗu, Rawlinson da Hincks da Talbot da Oppert, rubutu guda kowa ya fassara a keɓe, da aka buɗe ambulan sai aka tarar fassarorin sun dace a muhimman wurare.

Amfanin farko da aka samu shi ne jin labari ɗaya daga bakin ɓangarori biyu. Littafin Sarakuna na biyu ya ba da labarin yaƙin da Sennakerib na Assuriya ya kawo wa ƙasar Yahuza a zamanin Sarki Hezekiya, wanda aka ƙididdige a shekara ta 701 kafin Miladiyya, kuma rubutun Sennakerib kansa ya ambaci wannan yaƙi, yana alfaharin cin garuruwa 46 masu ganuwa da kulle Hezekiya a Urushalima kamar tsuntsu a keji. Duka biyun sun ce an biya harajin talanti 30 na zinariya (talanti ma'auni ne na kimanin kilo talatin), amma a azurfa littafin Sarakuna ya ce 300, marubucin fadar Assuriya ya ce 800. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne abin da sarkin bai faɗa ba, domin duk da cika bakinsa bai ce ya ci Urushalima ba, kuma bangon fadarsa da hoton cin garin Lakish ya ƙawata shi. Marubucin Ibraniyawa ya ga kuɓutar birnin a matsayin ikon Allah, na Assuriya ya lulluɓe ta da lissafin ganima, mai tarihi kuwa ya koyi cewa kowane rubutun fada yana da ubangidan da yake yi wa kirari.

Girgiza ta gaske ta zo ne ranar 3 ga Disamba 1872, lokacin da George Smith, wanda ya fara sana'a da sassaƙa farantan buga takardun kuɗi kafin ya koyi rubutun ƙusa da kansa, ya karanta wa wani taro a Landan, har da Firayim Minista Gladstone a zaune, wani allo daga Nineba mai ɗauke da labarin ruwan Ɗufana. A cikin allon, wanda shi ne na goma sha ɗaya a labarin Gilgamesh, an gargaɗi wani mutum mai suna Utnapishtim ya gina jirgi ya shafe shi da kwalta, jirgin ya tsaya a kan dutse, ya saki kurciya da tsattsewa da hankaka don ya san ko ruwa ya janye, sannan ya yi hadaya. Jaridar Daily Telegraph ta ba da kuɗin Ingila gini dubu don Smith ya je ya nemo guntun da ya ɓata, ya kuwa samo wani guntu a 1873, kafin ya rasu a Halab a 1876. Kamannin da labarin Nuhu ba ya ɓuya, shi ya sa aka daɗe ana kallonsa shi kaɗai. Sai daga baya aka natsu aka ga cewa a tsohon labarin Babila na Atrahasis hayaniyar mutane ce ta hana allolin barci har suka yanke shawarar hallaka su, kuma da ruwa ya janye suka taru a kan hadayar kamar ƙudaje saboda yunwa, alhali a littafin Farawa Allah ɗaya ne ya yi hukunci saboda zalunci ya cika ƙasa, sannan ya ɗauki alkawari. Labarin gādo ne na yankin gaba ɗaya, amma marubucin Ibraniyawa musu yake yi da maƙwabtansa ta hanyar ba da shi, musun da ba a iya ji sai an san abin da suke cewa.

Haka abin yake a shari'a. A ƙarshen 1901 da farkon 1902 masu tono na Faransa suka samo a Shushan dutsen dokokin Hammurabi, sarkin Babila na ƙarni na 18 kafin Miladiyya, kuma a cikin dokokin akwai hukuncin sa mai tunkuyi, wanda yake a sura ta 21 ta littafin Fitowa. Duka biyun sun bambanta san da ya yi kisa ba zato da wanda aka riga aka gargaɗi mai shi, sai dai Hammurabi ya tsaya a kan biyan azurfa, Fitowa kuwa ta ce a jefe san kada a ci namansa, mai shi ma ransa yana kan hukunci sai in an karɓi fansa. A Janairun 1902 Friedrich Delitzsch ya gabatar da laccarsa ta Babila da Baibul a Berlin a gaban Sarki Wilhelm na biyu, inda ya mai da kowane kamanni hujjar aro, kuma tafiyar ta kai shi, a littafinsa na 1920, ga neman Kiristoci su yar da Tsohon Alkawari, da harshen da ƙiyayyar Yahudawa ta fito ƙarara a cikinsa. Wannan shi ne mummunan reshen fannin, kuma irinsa ne Samuel Sandmel ya yi wa laƙabi a 1961 da haukan neman kamanni.

Sabon Alkawari shi ma ya sami maƙwabta. Takardun da Grenfell da Hunt suka fara tonowa daga jujin Oksirinkus a Masar a 1897, wasiƙu da rasitai da ƙorafe-ƙorafen talakawa, sun ba Adolf Deissmann hujjar cewa Helenancin Linjila harshen kasuwa da gida ne na zamaninsa. Kalmar Linjila kanta, wadda Hausa ta aro daga Larabci, asalinta kalmar Helenanci ce mai nufin albishir, kuma wani rubutun dutse na garin Priene na shekara ta 9 kafin Miladiyya ya yi amfani da ita ga ranar haihuwar Kaisar Augustus, don haka mai sauraro na ƙarni na farko yana jin ƙamshin siyasa a cikinta. A ɓangaren Tsohon Alkawari kuwa, allunan Ugarit na gaɓar Siriya, da aka fara tonowa a 1929, sun bayyana waƙoƙin Ba'al na Kan'aniyawa masu salo irin na Zabura, naɗaɗɗun littattafan kogunan Kumran kuma, daga 1947, sun kawo kwafin littafin Ishaya da ya girmi sanannun kwafe-kwafen Ibraniyanci da kimanin shekaru dubu.

Hukumomin addini ba su karɓi hanyar da sauƙi ba. An tuɓe William Robertson Smith daga kujerarsa ta koyarwa a Aberdeen a 1881 saboda rubuce-rubucensa, cocin Katolika kuma sai a 1943, ta wasiƙar Fafaroma Pius na goma sha biyu, ta umarci malamanta su nazarci harsunan asali da salon rubutun mutanen gabas na dā. Allunan da ba a karanta ba kuwa har yanzu suna jibge a ɗakunan ajiya. A 2014 Irving Finkel na gidan adana kayan tarihi na Birtaniya ya wallafa wani allon Babila da ya girmi na Smith da sama da shekaru dubu, wanda ya siffanta jirgin Ɗufana a matsayin zagayayyen kwando na igiya da aka shafe da kwalta, irin wanda masunta suke tuƙawa a kogin Dijla har cikin ƙarni na 20, kuma a cikinsa an ce dabbobi su shiga bibbiyu.