Yaron Tarauni Tsakanin Aji da Kasuwa

Duk wanda ya bi titin Zariya da hantsi, ya ratsa Gyadi-Gyadi har ya kai kasuwar waya ta Farm Centre, lalle ne zai ga samari waɗanda shekarunsu na 'yan sakandare ne, wasu na tuƙa adaidaita sahu, wasu sun duƙufa a kan gyaran waya a gaban maigida, alhali kuwa a wannan sa'ar malamansu suna kiran suna a aji. Masu gaggawar hukunci sukan ce lalaci ne, amma yaron da ya iya kwance waya ya mayar da ita yadda take yana da basira. Illa dai kasuwa tana biyansa kafin magariba, makaranta kuwa alkawari take yi masa na shekaru.

Haƙiƙa an yi adalci da aka mayar da hankali ga ilmin 'ya'ya mata, kamar shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, sai dai a gidajenmu an bar ɗa namiji da kalma guda, wai namiji ne, zai nemi na kansa. Ilmi kyauta kuma wajibi da gwamnatin Kano ta shelanta a 2019, da dokar ta-ɓaci a kan ilmi ta 2024, sun taɓa kuɗin makaranta da gine-gine, ba su maye gurbin kuɗin cefanen da uwa take jira daga hannun ɗanta ba.

Hujjarmu kuwa cewa ɗa namiji ma yana buƙatar kulawa tana cikin tarihin jihar nan, domin makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe a 1977, sun tara 'ya'yan talakawa, aka ciyar da su, aka sa musu ido dare da rana, har suka zama likitoci da injiniyoyi. Tarbiyya da kulawa ne suka yi wannan aiki.

Bisa ga haka, maslaha ita ce masu unguwanni da limaman Tarauni su zauna da shugabannin kasuwa a yi sharaɗi, cewa ba za a karɓi yaro koyon sana'a ba sai bayan an tashi daga makaranta, kuma maigidan da yake cin moriyar hannunsa ya ɗauki wani kaso na kuɗin jarrabawarsa ta NECO idan lokacinta ya zo.