Jirgin da Legas ta jira shekara arba'in

Jama'a, makon jiya na je wani taro a Legas. Zauren taron yana Victoria Island, masauki kuma can wajen Mile 2 na samu, don kuɗin otal a tsibirin ba na mai albashi irina ba ne. Duk wanda ya san Legas ya san wannan tazarar. A da sai ka yi asuba a tasha, ka shiga danfo, ka yi ta addu'a kada go-silo ya cinye maka jawabin buɗe taro. Ni kuwa katin Cowry na saya, na hau jirgin Blue Line a Mile 2, ko rabin awa ban yi ba na sauka a Marina, daga nan na ƙarasa a mota. Da yake a zaune nake, ga sanyi, sai na shiga lissafin shekaru.

Ba yau Legas ta fara ganin jirgi a cikin gari ba fa. Tun 1902 Turawa suka sa wani ƙaramin jirgi mai tururi da ke tashi daga Iddo ya haye gadar Carter ya shiga tsibiri. Zuwa 1933 an daina amfani da layin gaba ɗaya. Daga nan gari ya koma hannun motoci: bolekaja mai bencin katako, sai molue da ake cusa mutane kamar buhunan albasa, sai danfo mai ruwan ɗorawa da har yau ke mulkin titi.

Inda labarin yake da ciwo shi ne 1983. A shekarar ne Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari da ake kira Metroline, a zamanin Shugaba Shehu Shagari. Ƙarshen shekarar soja suka karɓi mulki, a 1985 gwamnatin Janar Buhari ta soke aikin. Masu kare matakin suna cewa ƙasa na fama da bashi, farashin mai ya faɗi, kuma haka ne. Amma ku dubi Alƙahira. Ita ma Masar ba a cikin wadata take ba lokacin, amma ta jure ta buɗe layinta na farko a 1987. Su sun yi ta ƙara layuka, mu muna rataye a ƙofar molue.

Sai a Maris 2008 aka fara motocin BRT masu hanyarsu ta daban, daga Mile 12 zuwa CMS, zamanin Fashola. Shi ne kuma ya fara aikin Blue Line ɗin nan, amma bai fara ɗaukar fasinja ba sai Satumba 2023. Kilomita 13 kacal, tasha biyar. Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo ya biyo baya a 2024.

To wa ya cike giɓin shekarun nan? Da yawa 'yan uwanmu ne, 'yan acaɓa da suka taho daga Arewa da Nijar, suna ratsa cunkoso da mutanen da jirgi ya kamata ya ɗauka. Da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, kansu abin ya fi faɗawa, alhali ba su suka soke Metroline ba.

Ga mai zuwa taro: ka nemi masauki kusa da tashar jirgi ko ta BRT, ka sayi katin tun ranar farko, ka zuba masa kuɗi. Amma kada ka saki jiki, don jirgin bai kai ko'ina ba tukuna. Ranar da na dawo da dare, daga Mile 2 zuwa masaukina sai da na koma cikin danfo, kwandasta yana ihu babu canji.