Ayarin Gwanja da Ɗalibin Nesa

A zangon Yendi aka haife ni. Tun ina yaro nake jin kakata tana ba da labarin mahaifinta, bafataken da ya taso daga Kano zuwa Gwanja neman goro, ya yi aure a nan bai koma ba. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne tsarin ayari. Madugu ke riƙe da tafiya, shi ke sasantawa da sarakunan hanya. Jagaba yana gaba yana duba inda za a yada zango. In an sauka, in ji ta, sai an ƙirga mutane da jakai, wanda ba a gani ba a koma a nemo shi. A Salaga kuma kowane baƙo yana da mai masauki da ya san sunansa da garinsu.

Ilimi ma ta wannan hanya ya zo mana. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya biyo fatake har Salaga. Bayan yaƙin basasar 1892 da ya watse kasuwar garin, ya koma Kete Krachi, inda ya rasu a 1934. Ya rubuta littafin koyar da rubuta wasiƙa, amma almajiransa a gabansa suka zauna, ya san mai ƙoƙari, ya san wanda ya yi fashi.

A shekarar da aka haife shi Jami'ar Landan ta buɗe ƙofar jarrabawarta ga waɗanda ba su zauna a ajinta ba. Daga baya akawuna da malaman makaranta na ƙasarmu suka riƙa karɓar darasi ta gidan waya daga makarantu irin su Wolsey Hall na Ingila. Mutum shi kaɗai da fitilarsa da ambulan. A 1948 kwalejin da ta zama Jami'ar Ghana ta kafa sashen kai karatu ga manya a garuruwansu. Winneba ta fara karatu daga nesa don malaman makaranta a 1996, Cape Coast ta ɗauki nata ɗaliban a 2001. Mu malaman arewa abin ya yi mana daɗi, don mutum zai ƙaro ilimi bai bar ajinsa da albashinsa ba.

Na shiga irin wannan karatu ina koyarwa a firamare. Ana ba mu littattafan darasi mu tafi gida, mu haɗu da malamai a Tamale a wasu ƙarshen mako. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu, aka sa dokar ta-ɓaci da ta hana fita, abin da ya ɗauki fiye da shekara biyu. In an tashi darasi da yamma sai ka kama lissafin ko mota za ta kai Yendi kafin lokacin doka. Ga kuɗin mota, ga na makaranta, ga iyali. Na yi fashi sau ɗaya, na yi na biyu, a na uku na tura littattafan ƙarƙashin gado. Ban yanke shawarar bari ba, kunyar komawa ce kawai take ƙaruwa kullum. Yawancin waɗanda na san sun bari, haka suka bari, shiru.

Rannan wani direba ya miƙo mini takarda daga wata malama 'yar Salaga da muke aji ɗaya, wadda muke kira Hajiya. Ta kwafe mini darussan da na rasa da hannunta, a ƙasa ta rubuta: "Ƙanena, mun ƙirga ba mu gan ka ba. Asabar mai zuwa in ba ka zo ba, ni zan zo Yendi." Na je. Na fara kawo uzuri, ta ce, "Malam, zauna, an wuce shafi arba'in." Daga nan muka kafa adashin kuɗin mota mu shida, muka samu ɗakin kwana a zangon Tamale. Biyar muka gama.

Daga baya na karanta cewa jami'ar karatu daga nesa ta Ingila, wadda ta karɓi ɗalibanta na farko a 1971, tun farko ta haɗa kowane ɗalibi da malami mai kula da shi a yankinsa. Sai na ce ashe su ma sun naɗa madugu.

Yanzu ɗan yayata yana koyarwa a Bawku, garin da rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sa ya saba da dokar hana fita. Shi ma ya shiga karatun nesa. Darasinsa yana zuwa ta waya, abin da mu ba mu samu ba, amma wayar ba ta cigiyar kowa. Bara na lura ya daina zancen jarrabawa. Na tambaye shi wa ke ƙirga su a ajinsu, ya ce babu.

Roƙona ga masu tafiyar da waɗannan jami'o'i shi ne, yadda ake ƙirga waɗanda suka yi rajista, a riƙa ƙirga waɗanda ba a gani ba sau biyu a jere, a sa mutum takanas ya kira su. Kafin su yi, na ce wa yaron ya tara 'yan ajinsu na Bawku da Pusiga su zaɓi madugunsu. Ni kuma duk Juma'a bayan an sauko masallaci nakan kira shi in tambaye shi shafin da ya kai.