Gasaya: Yadda Ake Shuka Ta, Kula da Ita da Amfaninta ga Lafiya

Gasaya ƙaramin tsiro ne da ke fitowa da kansa da zarar damina ta sauka, musamman a bayan gida, gefen gona, tsohon garke da wuraren da taki ya taru. Mutane da yawa na ɗaukar ta ciyawa, suna nome ta su zubar, alhali ganyenta na cikin ganyayen da suka fi gina jiki a ƙasar Hausa. A kimiyyance sunanta Cleome gynandra. Wannan bayani ya ƙunshi yadda ake gane ta, abin da ke cikinta, yadda ake shuka ta a gida, da abubuwan da ya kamata a kiyaye kafin a ci ko a yi magani da ita.

Yadda ake gane gasaya

Tsayinta yakan kama daga rabin mita zuwa mita ɗaya, wani lokaci ya ɗan wuce haka idan ƙasa na da ƙarfi. Karanta na da ƙananan gashi masu danƙo, kuma idan aka murza ganyen za a ji wani wari mai ƙarfi. Kowane ganye ya rabu kamar yatsun hannu, galibi gida 5, ko da yake ana samun mai 3 ko mai 7. Furenta fari ne, wani lokaci da ɗan ratsin ja-ja, yana da dogayen zare da ke miƙowa waje. Bayan fure sai ta fitar da siririn kwanso mai tsawo, cike da ƙananan iri masu duhu.

Akwai 'yar'uwarta mai fure ruwan ɗorawa wadda ta fi ta danƙo, wannan ba ita ce ake nufi ba. Duk wanda bai saba tsinkar ganyen daji ba, ya nemi wanda ya sani ya nuna masa kafin ya kai tukunya.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake cin ta ba. A Kenya, Yuganda, Tanzaniya, Zimbabuwe da Burkina Faso ana noma ta ana sayarwa a kasuwa kamar yadda muke sayar da alayyafo. Cibiyar binciken kayan lambu ta duniya, wadda ke da reshe a garin Arusha na Tanzaniya, tana adana ire-irenta tana kuma aikin inganta su.

Abin da ke cikin ganyen

Ganyen gasaya na ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, da bitamin C, da sinadarin ƙarfe mai taimakawa wajen ƙera jini, da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, da ɗan furotin. Yawan waɗannan sinadarai ya danganta da irin ƙasar da aka shuka ta, da girman ganyen, da yadda aka dafa shi.

Muhimmancin wannan a bayyane yake. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Ƙarancin bitamin A kuwa shi ke kawo dundumi, yana kuma rage wa yaro ƙarfin yaƙi da cututtuka irin su ƙyanda da gudawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum. Ga iyalin da kuɗin cefane ya yi wa kaɗan, ɗan fangali a tsakar gida na iya cike wani ɓangare na wannan giɓi.

Wurin da ya dace da ita

Gasaya na son rana sosai, ba ta yin kyau a inuwa. Yadda take sarrafa hasken rana iri ɗaya ne da na gero, dawa da masara, shi ya sa take jure zafi kuma take saurin girma. Ta fi son ƙasa mai ɗan yashi wadda ruwa ke wucewa, mai wadataccen taki. Ba ta son inda ruwa ke kwanciya, domin saiwarta kan ruɓe. Wanda ba shi da fili zai iya shuka ta a buhu ko tsohon bokiti, muddin an huda ƙasansa kuma yana da zurfi.

A gauraya ƙasar da takin shanu, na awaki ko na kaji wanda ya riga ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashi na ƙona tsiro, yana kuma iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki su manne a ganye. Kada a yi amfani da bayan gidan mutane, kuma kada a yi shuka kusa da masai ko kwata.

Yadda ake shukawa

1. A nemi irin da ya kwana biyu. Sabon irin gasaya ba ya fitowa da kyau, sai ya yi wata 6 ko fiye a ajiye. Irin bara ya fi na bana.

2. A gauraya irin da busasshen yashi, domin ƙanana ne ƙwarai, idan ba haka ba za su taru wuri guda.

3. A ja layi marar zurfi, kamar santimita 1, a bar tazarar santimita 30 zuwa 50 tsakanin layi da layi. Irin da aka binne da zurfi ba ya fitowa.

4. A rufe da ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa a hankali don kada ya kwashe irin. Yakan tsiro cikin kwana 4 zuwa 8.

5. Bayan kamar mako 3 a rage tsiron, a bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakaninsu. Waɗanda aka cire ba a zubarwa, su ne miyar farko.

Ya fi kyau a shuka ta kai tsaye a inda za ta zauna, domin tana da doguwar saiwa guda wadda ba ta son dashe. Lokacin shuka shi ne farkon damina. Da rani ma tana yi a fadama ko a gida idan akwai ban ruwa, sai dai girmanta na raguwa a tsakiyar hunturu.

Kulawa da girbi

A makonnin farko ciyawa na iya danne ta, don haka a riƙa cirewa da hannu. A ba ta ruwa daidai, ƙasa ta kasance da laima amma ba caɓi ba. Idan ta sha ƙishirwa sai ta yi saurin fure, ganyen ya ƙanƙance ya ƙara ɗaci.

Ana fara tsinka daga mako 4 zuwa 6 bayan shuka. A riƙa tsinke kan tsiron da sababbin ganye, a kuma cire fure da zarar ya fara leƙowa. Yin haka na sa ta yi rassa da yawa, a daɗe ana ɗiba har tsawon makonni. Bayan kowace tsinka a ƙara mata ɗan taki da ruwa.

Ƙwarin da suka fi damun ta su ne darɓa da wasu ƙananan ƙwaro masu huda ganye. A gonar gida ba sai an kai ga maganin feshi ba: a cire ganyen da suka lalace, a barbaɗa toka, ko a fesa ruwan da aka jiƙa dakakken ganye ko 'ya'yan darbejiya. Idan dole sai an yi feshi, a bi adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a tsinka, a kuma ajiye maganin nesa da yara.

Don samun irin baɗi, a bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi su yi fure. Idan kwanson ya koma ruwan ɗorawa a cire shi kafin ya fashe, a shanya, a murje, a zuba irin a kwalba mai murfi a wuri marar laima.

Yadda za a dafa ba tare da an zubar da amfanin ba

A wanke ganyen da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku kafin a yanka. Gasaya na da ɗaci, shi ya sa ake tafasa ta a tace. Sai dai doguwar dahuwa da yawan zubar da ruwa na tafiya da mafi yawan bitamin C. Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi ƙananan ganye, a tafasa na ɗan lokaci a ruwa kaɗan, ko a haɗa da alayyafo ko zogale don ɗacin ya ragu. A rage kanwa, domin tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B.

Kwaɗon gasaya da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa haɗi ne mai kyau, saboda jiki na buƙatar maiƙo kafin ya tsotsi bitamin A daga ganye. Ɗanyen tumatir ko matsin lemun tsami na taimaka wa hanji ya karɓi sinadarin ƙarfe, shayi kuwa rage shi yake yi, don haka a ba da tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. A guji ƙuli-ƙuli ko gyaɗar da ta yi fumfuna, domin tana iya ɗauke da guba mai illa ga hanta.

Idan za a ajiye don rani, a tsoma ganyen a tafasasshen ruwa na minti 2 ko 3, a shanya a inuwa mai iska a kan tabarma mai tsabta. Shanya a tsakiyar rana na rage bitamin A.

Gargaɗi game da magani da ita

A gargajiyance ana murza ganyen a ɗiga ruwansa a kunne mai ciwo, ko a ɗaure shi a goshi ko gaɓoɓi. Ɗanyen ganyen na fitar da wani sinadari mai zafi, dangin wanda ke cikin mustad, wanda kan ƙona fata har ta yi bororo idan ya daɗe a kai. Kada a ɗiga shi a ido ko kunne. Idan dodon kunne ya huje, abin da aka ɗiga zai wuce ciki ya ƙara ɓarna. Kunnen da ke zubar da ruwa ko mugunya, musamman na yaro, asibiti ake kai shi.

Gasaya abinci ce, ba ta maye gurbin magani. Mai juna biyu za ta iya cin dafaffiyar gasaya a miya ko kwaɗo, amma ta guji shan jiƙo ko tsimin saiwa da iri, ta kuma ci gaba da zuwa awo da shan ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta. Yara 'yan wata 6 zuwa 59 su ci gaba da karɓar ɗigon bitamin A duk bayan wata 6. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, bayan haka ana iya niƙa ɗan dafaffen ganye a cikin abincinsa.

Masu ciwon ƙoda, masu fama da tsakuwar ƙoda, da masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin, su tuntuɓi likitansu kafin su ƙara yawan ganyen da suke ci. Haka kuma a guji tsinko gasaya a bola, bakin titi, ko gonar da aka yi wa feshin kashe ciyawa.

Yaushe za a je asibiti?

A garzaya asibiti idan aka ga tafin hannu ko cikin ido ya yi fari, ko yawan kasala, jiri, haki da bugun zuciya, ko kumburin ƙafa, ko yaro ya daina gani sosai da magariba. Ƙarancin jini na da dalilai da yawa, ciki har da zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, amosanin jini da zubar jini, kuma gwaji ne kaɗai ke bambance su. Haka nan wanda ya fara amai, gudawa, dalalar miyau ko wahalar numfashi jim kaɗan bayan cin ganyen da ake zargin an yi masa feshi, a kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar abincin ko kwalbar maganin idan akwai.