FASHIN BAƘI: Yadda Chana ke shigo da al'adunta ƙasar Hausa ta rediyo, tauraron ɗan'adam da wayar hannu

Matashin da ke Tambuwal, Dogon Daji ko Kebbe bai buƙatar zuwa Beijing kafin ya yi hulɗa da Chana. Wayar Tecno ko Itel da ke aljihunsa ta kamfanin Transsion ce da ke Shenzhen, manhajar TikTok da yake kallon barkwanci a kai ta kamfanin ByteDance ce, babur ɗin Jincheng ko Haojue da ya hau zuwa kasuwa ma daga can ya fito. Wannan bayani ya tattaro hanyoyin da ƙasar ke bi wajen isar da al'adunta da ra'ayinta ga Hausawa, da abin da ya kamata mai bibiyar siyasa ya lura da shi.

Mene ne ƙarfin lallami?

Masanin siyasa ɗan Amurka, Joseph Nye, shi ne ya fito da wannan tunani a 1990. Ma'anarsa ita ce ƙasa ta sa wasu su so abin da take so ta hanyar sha'awar al'adunta da manufofinta, ba tare da barazanar soja ko sayen goyon baya da kuɗi ba. A 2007, Shugaba Hu Jintao ya shigar da batun cikin jawabinsa na babban taron Jam'iyyar Kwaminis karo na 17. Daga 2013 kuma Shugaba Xi Jinping ya riƙa umartar kafafen ƙasar da su kyautata bayar da labarin Chana ga duniya.

Rediyo ne ya fara share hanya

Sashen Hausa na Rediyon Ƙasar Sin ya fara aiki a 1963, shekara shida bayan na BBC, kuma shekara takwas kafin Najeriya da Chana su ƙulla hulɗar jakadanci a ranar 10 ga Fabrairu, 1971. Gidan rediyon mallakar gwamnati ne, kuma tun 2018 aka haɗe shi da talabijin na CCTV ƙarƙashin hukuma guda. Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing tana koyar da Hausa, shi ya sa ake jin 'yan Chana masu sunayen Hausawa suna gabatar da shirye-shirye.

Talabijin da fassarar finafinai

Kamfanin StarTimes ya shigo Najeriya a 2010 bisa haɗin gwiwa da NTA, ya ja masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin wata mai rahusa, ya kuma buɗe tashar Hausa mai suna Daɗin Kowa. A 2013 aka fassara wasan kwaikwayon Beijing Love Story zuwa Hausa, bayan an gwada irin wannan dabara da Swahili a Tanzaniya a 2011.

A taron Chana da Afirka na Johannesburg, cikin Disamba 2015, Xi ya yi alƙawarin kai talabijin na tauraron ɗan'adam ƙauyuka 10,000 a nahiyar. Najeriya ta samu 1,000, aka ƙaddamar da aikin a 2019, StarTimes ne kuma ya aiwatar. Kayan sun zo da faifan sola, wanda ke da amfani a yankunan da wutar lantarki ba ta zama. Sai dai akwatin kamfani guda ne, shi ke tsara tashoshin da ke ciki, cikinsu har da CGTN ta gwamnatin Chana.

Harshe da makarantu

An buɗe Cibiyar Confucius ta farko a Seoul a 2004, ta farko a Afirka kuma a Jami'ar Nairobi a 2005. A Najeriya, akwai ta a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da kuma Jami'ar Legas, dukkansu a kudu, sai Cibiyar Al'adun Chana a Abuja. Don haka ɗan mazaɓar Tambuwal da Kebbe ya fi haɗuwa da Chana ta waya da akwatin talabijin fiye da ta aji.

Ina tasirin ya tsaya?

Kayan Chana sun cika kasuwa, amma zukata ba su bi da sauri haka ba. Finafinan faɗa na Bruce Lee da Jackie Chan, waɗanda suka yi tashe a gidajen sinima da na kallo, daga Hong Kong suka fito, ba gwamnatin Beijing ce ta turo su ba. Finafinan Indiya kuwa sun shiga jinin Kannywood ba tare da wani shirin gwamnati ba, har fassarar su ta zama sana'a a Kano. A TikTok ma, abin da ake kallo yawanci Hausa ne: waƙa, wa'azi, barkwanci da yarfen siyasa. Chana ta mallaki rumfar, Hausawa ne ke baje kolin. Amma mai rumfa ne ke tsara abin da za a fara gani, kuma bayanan masu shiga suna hannunsa.

Abin da ya kamata a sa wa ido

Na farko, abin da ba a faɗa. A Agusta 2022, Ofishin Kare Haƙƙin Ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an tafka munanan take haƙƙi a kan Musulmin Uyghur a Xinjiang. Beijing ta musanta, kuma matsayinta kawai mai sauraro zai ji a kafafenta. Kamfanin Dillancin Labaran Najeriya yana da yarjejeniyar musayar labarai da Xinhua, saboda haka yana da kyau mai karatu ya duba asalin kowane rahoto.

Na biyu, tattalin arziki. Layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 an gina shi ne da bashin bankin gwamnatin Chana. Atamfar Chana mai araha ta mamaye Kantin Kwari a daidai lokacin da masaƙun Kano da Kaduna suka durƙushe. A Afrilu 2020, 'yan sanda sun kama 'yan Chana biyu a Bukkuyum ta Zamfara bisa zargin haƙar ma'adinai, shekara guda bayan gwamnatin tarayya ta haramta haƙar a jihar. Daga Kebbe zuwa can ba wata tazara ce mai yawa ba.

Amurka, Ingila, Faransa da Jamus duk sun buɗe sassan Hausa saboda manufa irin wannan. Tambayoyin da ya dace a yi wa kowace ƙasa iri ɗaya ne: wa ya biya kuɗin shirin, me aka cire, kuma wace yarjejeniya aka sa wa hannu da sunan jama'a? Majalisar Tarayya na da hurumin neman waɗannan takardu, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nema. Masu zaɓe a Tambuwal da Kebbe na iya farawa da tambayar wakilinsu.