Skagway: Jirgin Ƙasan Da Ya Iso Bayan Biki Ya Watse

Mai karatu, idan ka taɓa kallon tsohon fim ɗin nan na Charlie Chaplin mai suna The Gold Rush, wanda ya fito a 1925, na san abin da ka fi riƙewa shi ne wurin da yunwa ta sa gogan naka ya dafa takalminsa, ya zauna yana ci da wuƙa da cokali mai yatsu kamar wani basarake. Ni ma shi na riƙe tun ina yaro. Amma da na sake kallon fim ɗin kwanan baya, sai hoton farko ya tsaya mini a rai: dutse fari fat da dusar ƙanƙara, ga mutane sun yi layi ɗaya kamar jerin gwano, kowa da kaya a gadon baya, suna ta hawa. Chaplin ya ɗauki wannan fitowar ne a duwatsun Kalifoniya, kusa da garin Truckee, da mutane kimanin 600 da ya ɗauko haya. Sai dai ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Wasu hotuna ya gani na abin da ya faru da gaske a 1898, a kan iyakar Alaska da Kanada, ya kwaikwaya.

A gindin waɗannan duwatsu akwai wani ɗan gari a bakin teku mai suna Skagway. Mazaunansa ba su fi 1,200 da 'yan kai ba, amma daga watan Mayu zuwa Satumba manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa, waɗanda ke tasowa daga Seattle ko Vancouver, sukan sauke masa baƙi sama da miliyan guda. Jirgi ya tsaya da safe, ya tashi da yamma. A 'yan awoyin nan, abin da baƙin suka fi rububi a kai shi ne wani tsohon jirgin ƙasa mai suna White Pass and Yukon Route, wanda ke zuwa har bakin tashar jirgin ruwan ya kwashe su ya hau dutse da su. Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun san jirgin kan dutse, ko ba komai mun ga Shah Rukh Khan yana rawa a saman na Nilgiri a fim ɗin Dil Se. To, shi wannan na Skagway, wanda ya hau shi bai san tarihinsa ba, duwatsu da itatuwa kawai zai gani ya sauko. Bari in ba ka labarin, ko kana da niyyar zuwa ko ba ka da ita.

HAUKAR ZINARE

A watan Agusta 1896 aka tsinci zinare a wani rafi da ke zuba cikin kogin Klondike, a yankin Yukon na Kanada. Waɗanda ke wurin su ne wani Ba'amurke, George Carmack, da matarsa Kate, da ɗan'uwanta Skookum Jim, da wani danginsu da ake kira Dawson Charlie. Kate da 'yan'uwanta 'yan ƙabilar Tagish ne, wato cikin 'yan asalin ƙasar, irin waɗanda finafinan kaboyi suka koya mana kiran su "Indiyawan daji". Da sunan Carmack aka rubuta cewa shi ya gano wurin, don hukumar wancan zamani ba ta cika sauraren ɗan ƙasa ba. Ka riƙe sunan Kate da na Jim, za mu dawo kansu.

Labarin bai isa Amurka sosai ba sai a Yuli 1897, lokacin da jiragen ruwa biyu, Excelsior da Portland, suka isa San Francisco da Seattle ɗauke da mutanen da suka tafi ba su da ko sisi suka dawo da zinare a akwatuna. Ga shi a lokacin ƙasar tana cikin matsin tattalin arziki. Kai, sai ka ce an busa ƙaho! Malamin makaranta ya ajiye alli, ɗan sanda ya tuɓe kaki, har magajin garin Seattle ya ajiye muƙaminsa ya bi ayari. An ƙiyasta mutum 100,000 ne suka kama hanya.

Daga bakin teku hanyoyi biyu ne ke tsallaka duwatsun. Ta farko ita ce Chilkoot, daga wani gari mai suna Dyea, gajeriya amma mai tsananin tsayi, inda aka sassaƙa matakala kimanin 1,500 a jikin ƙanƙara. Ita ce ta cikin fim ɗin Chaplin. Ta biyu ita ce White Pass, daga Skagway. Kada sunan ya ruɗe ka, ba don farin ƙanƙara aka sa mata shi ba, sunan wani ministan Kanada ne, Thomas White. Kuma Skookum Jim ɗin nan ne ya raka wani kyaftin, William Moore, suka bi ta a 1887, shekaru tara kafin a ji ɗuriyar zinaren.

A ƙololuwar kowace hanya 'yan sandan Kanada sun kafa shinge: babu mai shiga sai da abincin shekara guda. Idan aka haɗa da tanti da kayan haƙa, nauyin ya kai kusan tan ɗaya. Wanda ba shi da kuɗin 'yan dako sai ya riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan, ya kai gaba ya ajiye, ya dawo ya ɗauki wani, har sau talatin ko fiye. Jerin gwanon da ka gani a fim ke nan. A ranar 3 ga Afrilu 1898 ƙanƙara ta zaftaro a hanyar Chilkoot ta binne sama da mutum 60.

Ita White Pass an yi ta tallar ta da cewa dabba za ta iya bi. Ashe tarko ne. Taɓo ne da duwatsu masu kaifi da siririyar hanya a bakin kwazazzabo. Mutanen da ba su taɓa ɗaura wa doki sirdi ba suka labta wa dabbobi kaya, ba ciyawa, ba hutu. Dawaki kimanin 3,000 ne suka mutu a wurin, har aka sauya wa hanyar suna zuwa Hanyar Matattun Dawaki.

Garin Skagway kansa kuwa ya faɗa hannun wani ƙasurgumin ɗan damfara, Soapy Smith. Cikin dabarunsa har da buɗe ofishin aika saƙon waya, ana biyan dala 5 a aika wa iyali gaisuwa, alhali wayar ko garin ba ta fita ba. Sai a 1901 aka jawo ta gaskiya. An harbe shi a bakin tashar jirgin ruwa ranar 8 ga Yuli 1898, a wata arangama da shi ma Frank Reid, mai gadin taron mutanen gari, ya samu raunin da ya zama ajalinsa bayan kwana 12. Idan ka kalli The Far Country na 1954, mugun alƙalin Skagway da ya addabi James Stewart daga Soapy aka aro shi.

AN FASA DUTSE

Cikin wannan hayaniya ne wani kamfanin masu kuɗi na Landan, Close Brothers, ya ga cewa riba tana wajen ɗaukar masu neman zinaren. Wakilinsu, Sir Thomas Tancrede, ya haɗu da wani ɗan kwangilar dogo, Michael Heney, a Skagway, aka fara aiki a ƙarshen Mayu 1898.

Aikin ba wasa ba ne. Cikin kilomita 32 kacal dogon zai tashi daga bakin teku ya hau sama da mita 870. Saboda kwanoni masu tsanani aka zaɓi siririn dogo mai faɗin ƙafa uku. A wasu wuraren sai an ɗaure ma'aikata da igiya an zuro su a jikin dutse kafin su huda ramin nakiya, kuma nakiyar da aka ƙona ta kai tan 450. A Agusta 1898 aka ji an sami wani zinaren a Atlin, sai ɗaruruwan lebura suka gudu da diga da shebur na kamfani. Duk da haka dogon ya kai ƙololuwa a Fabrairu 1899, ya kai tafkin Bennett a Yuli, aka buga ƙusar ƙarshe a Carcross ranar 29 ga Yuli 1900. Tsawonsa zuwa Whitehorse kilomita 177 ne, kusan tazarar Kano da Katsina. Ya ci kimanin dala miliyan 10 da rayukan ma'aikata 35.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kafin a gama aikin, biki ya watse. Tun 1899 aka sami zinare a Nome, can yammacin Alaska, jama'a suka kwashe suka koma can. Daga cikin dubu ɗarin da suka kama hanya, 30,000 zuwa 40,000 ne suka isa Klondike, kimanin 4,000 suka sami zinare, 'yan ɗaruruwa ne suka yi arziki. Garin Dyea da dogo bai bi ta cikinsa ba ya mutu murus, yau kufai ne.

Jirgin bai mutu ba, sai ya riƙa sauya sana'a. Ya koma dakon kayan manyan kamfanonin haƙar ma'adinai. A 1942 sojojin Amurka suka karɓe shi don jigilar kayan gina babbar hanyar motar Alaska. A 1955 kamfanin ya shiga sahun farko na masu safarar kaya a kwantena tsakanin jirgin ruwa da na ƙasa da mota. Da farashin ma'adinai ya faɗi aka rufe mahaƙar dalma da tutiya ta Faro, sai aka rufe dogon a Oktoba 1982. Baƙin jiragen ruwa ne suka tashe shi a 1988, kuma a 2018 aka sayar da shi ga wasu masu jari da suka haɗa da Carnival, babban kamfanin jiragen shaƙatawa. Ka ga ke nan hajar da yake sayarwa yanzu ita ce kallon wahalar mutanen 1898.

IDAN ALLAH YA KAI KA

Abu na farko shi ne lissafin lokaci, domin jirgin ruwa ba ya jiran fasinja. Tafiya mafi sauƙi ita ce ta zuwa ƙololuwa a dawo, kilomita 64 zuwa da dawowa, awa biyu da rabi zuwa uku, kuma ba a sauka daga tarago. Akwai masu tsawo da ke shiga Kanada, zuwa Fraser ko Bennett ko Carcross, galibi a tafi a jirgi a dawo a bas. Waɗannan sai da fasfo, kuma mai fasfon Nijeriya ko Nijar sai da bizar Kanada bayan ta Amurka. Ta Carcross tana cin kusan yini guda. Ka kuma lura, a damina agogon Yukon yana gaban na Alaska da awa ɗaya, wayarka tana iya sauya lokaci da kanta ta ruɗe ka. Agogon jirgin ruwa za ka bi. Wanda ya sayi tikiti ta hannun jirgin ruwansa, idan an makara akan jira su. Wanda ya saya da kansa, makararsa tasa ce. Tikitin kan ƙare da wuri, kuma ko a Yuli akwai sanyi da hazo a sama, don haka ka tafi da rigar sanyi.

A hawa, kwarin yana hannun hagu, wanda bai samu ba zai samu a dawowa. Jim kaɗan da barin gari za ka wuce tsohuwar maƙabarta, inda Frank Reid ke da dogon dutsen tunawa, shi kuwa Soapy ɗan allo a gefe. Can gaba akwai wani ƙaton dutse da aka kafa wa baƙar alama: nakiya ce ta jefo shi kan ma'aikata biyu a Agusta 1898, ba a iya ɗaga shi ba, ya zama kabarinsu. Kusa da ƙololuwa za ka ga tsohuwar gadar ƙarfe ta 1901, mai tsayin kusan mita 65, wadda aka daina hawa a 1969. A nan ne kwarin matattun dawaki yake, kuma daf da shi za a nuna maka wata 'yar siririyar hanya a jikin dutse. Ita ce ragowar hanyar 1898. Ka dube ta da kyau, ka tuna da tan ɗaya.

Abu ɗaya kada ka yi tsammani: ba za ka ga dutsen Chaplin ta taga ba. Chilkoot tana wani kwarin daban, kuma har yau da ƙafa ake hawanta.

WA YA CI RIBA?

Cikin waɗanda suka hau Chilkoot a 1897 akwai wani saurayi ɗan shekara 21, Jack London. Ya koma gida a 1898 da ciwon rashin abinci mai gina jiki, kusan hannu rabbana. Amma ya dawo da labari. Littafinsa The Call of the Wild na 1903 da White Fang na 1906 sun mai da shi ɗaya daga cikin marubutan da suka fi samun kuɗi a zamaninsa, kuma har 2020 ana mai da su fim, na baya-bayan nan da Harrison Ford. Shi ma fim ɗin Chaplin yana cikin finafinai marasa magana da suka fi kawo kuɗi. Marubutanmu da furodusoshinmu su lura da wannan: zinaren saman rafi ya ƙare cikin 'yan shekaru, labarin kuwa an fi shekara 120 ana cin abinci da shi.

Sai dai labarin ya zubar da wasu a hanya. Skookum Jim ya yi arziki, ya bar wasiyyar wani asusu don mutanensa kafin ya rasu a 1916. Ita Kate, George Carmack ya rabu da ita a 1900 ya auri wata Baturiya, ba ta sami komai daga dukiyar ba. Ta koma Carcross, murar annoba ta kashe ta a 1920. A Carcross ɗin da jirgin ke tsayawa aka binne su duka biyun. Allah Sarki! Duk finafinan da na lissafa maka, babu wanda aka gina kan labarinta.

Ka tuna yadda Chaplin ya ƙare fim ɗinsa? Gogan ya zama miloniya, yana cikin jirgin ruwa da rigar gashi ɗaya kan ɗaya, yana komawa gida, ga Georgia ta faɗo hannunsa. Mutum ɗaya kyamara ta bi. Idan ka sake saka fim ɗin, mai karatu, ka tsayar da shi a minti na farko ka ƙirga sauran mutanen da ke cikin layin.