Asalin Bikin Su na Argungu da Gidan Kanta

Mutumin da ya ƙetare gadar kogin Kaduna da sassafe, yakan hangi masunci ɗaya ko biyu cikin kwalekwale suna jefa birgi. A Argungu kuwa, can ƙasar Kabi, dubban masunta ne ke afkawa ruwa lokaci guda. To, ina asalin wannan taro?

Kabawa mutanen ruwa ne tun zamanin Muhammadu Kanta, jarumin da ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya gina birnin Surame. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarakunan Kabi suka koma Argungu da zama, aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato shekara da shekaru, har zuwan Turawa.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi. Da me za a girmama baƙon da kakanninsa suka yi yaƙi da naka? Sai Kabawa suka fito da abin da suka fi kowa iyawa: suka shiga kogi, suka yi su a gabansa. Daga nan abin ya zama biki.

Har yau tsarin bai tashi ba. Sarkin Ruwa ke fara duba kogin Matan Fada, ya ba da izini. Da an buga bindiga, masunta su ruga da gora da homa, gora ta ɗauke mutum bisa ruwa, homa ta kamo giwan ruwa. Wanda kifinsa ya fi nauyi a sikeli, shi ke da kyauta. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin al'adun gado na duniya.

Tsohuwar fadar garin kuma, da sarki ya tashi daga cikinta a 1942, ita aka mayar gidan tarihi a 1958, aka sa mata sunan Kanta. A ciki akwai kaburburan sarakuna, da masu, da takubba, da kwari da baka, da tamburan yaƙi, duk an jingine su maziyarta na kallo. Gora da homa kuwa suna gidajen masunta, ana ɗinke ragarsu kafin lokacin su ya zagayo.